Sunan da Mai Faifai Ta Kasa Faɗa

Ƙawata, matso ki ji. A wani gari an yi wata mai saƙar faifai, wadda ta koyi sana'ar a hannun uwar mijinta. Da Allah ya buɗa mata, ta kafa 'yar rumfa, ta je wurin mai rubuta allunan shaguna.

Ya ce, "Wane suna za a rubuta?"

Ta ce, "Sunan wadda ta koya mini."

Ya ce, "Wace ce?"

Ta sunkuyar da kai, domin mace ba ta kama sunan surukarta.

Ya ce, "Baiwar Allah, sa naki mana ki huta. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ni zan sani."

Washegari ta riƙo hannun tsohuwar har gabansa. Ya ce, "Wane suna za a rubuta?"

Ta ce, "Inna, gaya masa sunanki."

Tsohuwar ta ce, "Tabawa. Me za a yi da shi?"

Da aka gaya mata, ta ce, "Ɓarnar fenti kawai."

Amma a hanyar gida sai da ta share hawaye da bakin mayafi. Ki rufa mata asiri, ƙawata, kada ki gaya wa kowa.