Ganye Uku a Aljihun Baƙo

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Cabanaconde: wani baƙo ya faɗa kwazazzabon Colca, a hanyar hawowa daga Sangalle.

Kafin Sufeto Anacleto Huaracha ya gama ɗaure takalmi, har an kawo masa mai laifi. Mutanen garinmu akwai sauri in dai abin ɗora wa talaka ne. Wani dattijo da ake kira Don Sabino suka tasa a gaba, wanda ke ɗauko baƙi a kan alfadari idan hawa ya gagare su.

Mai ƙarar kuwa Wilber ne, jagoran ayarin 'yan yawon buɗe ido da baƙon ke ciki, saurayi mai baƙin tabarau da Turanci zar a baki.

"Da idona na gani, Yallaɓai," in ji Wilber. "Señor Henrik yana hutawa ta gefen rami, alfadarin wannan tsohon ya zo a guje ya bangaje shi."

"Kai kana ina?"

"A kwanar sama. Ko kusa da shi ban je ba, balle in taɓa shi."

"Ƙarya yake yi, papay!" in ji Don Sabino, da kiran girmamawa na nan, wato babana. "Yana zaune na wuce bawan Allah, da ransa. Har na ce ya hau, yaron nan ya kore ni."

"Wa zai ɗora baƙonsa a kan dabbar mahaukaci?" Wilber ya ja tsaki.

Dole Sufeto ya sa aka rufe dattijon. Gobe motar mai gabatar da ƙara za ta zo daga Chivay, kuma idan ba a sami wata magana ba, kurkukun Arequipa za a wuce da Don Sabino. Da wannan tsufa da tarin da yake fama da shi, Sufeto ya san gawarsa ce za ta dawo.

"Ɗauko ruwa, Kofur," ya ce wa Elvira, mataimakiyarsa. "Sauka za mu yi."

"Da wannan gwiwar taka, Yallaɓai? Masu ceto za su hauro da baƙon ai."

"Su hauro da shi bayan hannu goma ya taɓa shi? Wuce mu je."

Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba ta da mutunci. Tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, rana na dukan ƙeya, iskar kuma ka ja ka ja ba ta cika ƙirji. Sufeto yana tafe yana zagin gwiwarsa, amma ko sau ɗaya bai zauna ba.

Sun tarar masu ceto sun jawo gawar da igiya zuwa bakin hanya. Dattijon Bature ne, ɗan ƙasar Denmark. Sufeto ya cire hula, ya durƙusa ya shiga laluben aljihu. Fasfo, fasasshiyar waya, alewa. Da ya zuge zif ɗin aljihun ƙirji, sai ya tsaya cak.

Ganyen koka ne guda uku, irin wanda mutanen nan ke taunawa don rage yunwa da gajiya.

"To, mene ne a ciki?" in ji Elvira. "Baƙi ma suna taunawa saboda ciwon tsauni, in ƙarancin iska ya kama su."

"Nasu a leda yake, a marmashe. Ke, dubi waɗannan da kyau."

Ta sunkuya. An zaɓo su lafiyayyu, an jera ɗaya kan ɗaya, fuskarsu na kallon wuri guda.

"Haka kakata ta sa wa kakana a ƙirji ranar da ya rasu," ta ce a hankali.

"Guzurin mamaci ke nan," in ji Sufeto, "don kada kurwarsa ta biyo na baya. Ɗan ƙasa ne ya yi wa mutumin nan sallama, kuma a kan hanya ya yi ta, kafin ya faɗa. Alfadari dai bai iya zuge zif ba."

Hawowar ta fi saukar azaba. Sufeto ya iso gari leɓe a bushe, ƙafa a kumbure, amma kai tsaye ya zarce masaukin baƙi. Matar mamacin, Señora Inge, tana zaune rungume da rigar sanyin mijinta. Elvira ta yi tafinta.

"Mijinki yana tauna koka?"

"Sau ɗaya ya ɗanɗana ya tofar. Ya tsane shi."

"Yaya jikinsa yake da safe?"

Sai hawaye. Ta ce daga bakin teku suka taho kai tsaye, ba su kwana ko ɗaya a kan tudu ba, domin Wilber ya ce ba sai sun huta ba. A tsakiyar hawa Henrik ya fara amai, leɓunansa suka yi shuɗi. Ya roƙi alfadari. Wilber ya ce ayarinsa bai taɓa hawa dabba ba, kuma mota na jira a sama. Ya ce Henrik ya zauna ya huta, zai biyo su.

"Da kuka kai sama fa?"

"Ya koma ɗauko shi, shi kaɗai. Ya daɗe. Da ya dawo sai ya ce alfadari ne."

A ofis Sufeto ya leƙa ɗakin tsaro, ya zaro jakar kokarsa ya miƙa wa Don Sabino.

"Ungo, Taita," ya ce, wato Baba, "ka ɗan rage yunwa."

Dattijon ya janye hannu kamar an miƙa masa garwashi.

"Haba, papay, har da kai? Tun da na shiga cocin masu ibadar Asabar ban sake taɓa ganyen nan ba. Ba don haka ne 'yan uwana ke kirana Fasto ba?"

"Na sani. So nake in gani da idona."

Aka kira Wilber. Ya shigo yana taunar cingam, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wace ce ta raine ka, Wilber?"

"Kakata, a Tapay. Me ya kawo wannan?"

"Ta koya maka al'ada ke nan."

"Camfin ƙauye? Ni na yi makaranta, Yallaɓai, na bar waɗannan tuntuni."

"Madalla, ashe ba damuwa." Sufeto ya buɗe hankici, ya shimfiɗa ganyen uku a kan tebur. "A ƙirjin baƙonka na same su. Na cire, shaida ce. Haka zai tafi hannu rabbana, ba guzuri. In ya rasa hanya, sai ya dawo wurin wanda ya gani na ƙarshe."

Cingam ɗin ya tsaya a bakin Wilber. Ya dubi ganyen, ya dubi ƙofa.

"Ka cire masa?"

"Camfi ne ai."

"Ka mayar masa, Yallaɓai! Don Allah ka mayar kafin rana ta faɗi!"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sufeto ya bar shi ya ji abin da bakinsa ya furta.

Wilber ya cire tabarau, ya fashe da kuka. Ya ce ya koma ya tarar da Henrik a kife, jikinsa sanyi ƙalau, ya jijjiga shi bai motsa ba. Ya san in aka gane ciwon tsauni ne, za a ƙwace masa lasisi, ƙila ma a ɗaure shi. Sai ya sa masa ganyen, ya roƙe shi gafara, ya mirgina shi.

"Kuma ka ɗora wa tsohon da ya so ya taimake shi."

"Tsoro ne, Yallaɓai. Amma ban kashe kowa ba! Gawa na tura, na rantse da kakata!"

Ana haka wayar ofis ta yi ƙara. Elvira ta ɗauka, ta saurara, fuskarta ta canza.

"Likitan da aka kai wa gawar ne, daga Chivay," ta ce. "Ya ce raunukan duk sun zubar da jini, kuma akwai ƙasa a ƙarƙashin farcensa. Suma ya yi. Ya farfaɗo yana gangarawa, ya yi ta neman abin kamawa."

Sufeto kansa bai so abin ya kai haka ba. Ya miƙe da kyar a kan kumburarriyar gwiwarsa, ya buɗe ɗakin tsaro da kansa.

"Fito, Taita. Je ka ba dabbobinka ruwa."

Don Sabino ya fito yana tari. Ya tsaya a gaban Wilber daidai lokacin da Elvira ke ɗaura masa ankwa.

"Yaro," ya ce, "alfadarin da ka hana shi hawa, sirdinsa babu kowa na hauro da shi."

Elvira ta ja Wilber, ya bi ta yana jan ƙafa.