Ƙwayoyin da Na Zubar

Kofin shayi ya suɓuce daga hannuna ya tarwatse a kicin. Na so in durƙusa in kwashe, gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa.

A haka mijina ya same ni, na dafa bango, yatsuna sun kumbura suntum.

"'Yar tela, yaushe rabonki da maganinki?"

"Ina sha..."

"Kalle ni ki faɗa."

Na kasa.

Tun ina budurwa nake fama da amosanin gaɓɓai. Da saninsa ya aure ni, duk da Umma, mahaifiyarsa, ta ce ba a ɗauko lalura a kawo gida. Maganin ne ya mayar da ni kan keken ɗinkina. Sai dai likita ta gargaɗe ni, muddin ina shan sa kada in ɗauki ciki, zai cutar da jariri.

"Na zubar da ƙwayoyin," na ce. "Umma ta zo rannan ta kalli cikina ta ce, 'Shiru dai har yanzu?' Wai tana so ta goya ɗanka kafin ta mutu."

"Ni na tambaye ki?"

"Ba ka tambaya ba. Amma ina ganin kallon da kake yi wa yaran ƙaninka."

Idanunsa suka kaɗa.

"Ina so, masoyiyata. Wallahi ina so. Amma da wane hannu za ki ɗauke shi?"

Kuka ya ƙwace mini.

"Kada ka rabu da ni... Ba ni da kowa sai kai."

Cak ya ɗauke ni, kamar yarinya, har cikin mota.

Likita ta daɗe tana juya hannuna.

"Da kin zo kin faɗa mini, ai akwai wanda ake sha ko da ciki. Yanzu sai ciwon ya lafa tukuna." Ta taɓa yatsuna biyu na dama. "Waɗannan kuwa da wuya su sake miƙewa."

Mijina ya sunkuya ya sumbace su a gabanta, ko kunya bai ji ba.

Yanzu kullum da safe shi yake buɗe mini kwalbar maganin, don murfin ya fi ƙarfina. Ba ya tafiya garejinsa sai ya ga na haɗiye.

Cikin bai zo ba tukuna. Umma ba ta daina tambaya ba.

In ta kira, shi yake karɓar wayar.

"Umma, ni na ce mu jira. In da faɗa, ni za ki yi wa."