Kujerar Gimbiya

"Wayyo Mama! Ba na so! Zafi!"

Kukan Gimbiya ne ya cika tsakar gida da hantsi. Yau kwana biyar ke nan cikinta a bushe, bayan gida ya ƙi fita. Yarinya ce 'yar shekara biyu da rabi, mai kumatu, mai surutu kamar rediyo, amma yau ta laɓe bayan labule, ta ɗage a kan yatsun ƙafa, ta matse cinyoyi tana haɗa gumi. Uwarta, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta ɗauko ta ta ɗora a kan kujerar fo.

Kujerar nan kuwa ba irin wadda kuka saba gani ba ce. Uban yarinyar kafinta ne, kuma tun ranar da aka haife ta ya laƙaba mata Gimbiya, don haka da lokacin raba ta da famfas ya yi, sai ya rantse 'yarsa ba za ta tsuguna a fo ɗin roba kamar marar gata ba. Sati biyu ya yi yana aikinta. Doguwa ce, da hannaye, da kushin a jingina, da fenti ruwan hoda, fo ɗin yana ƙarƙashi. Har maƙwabta sai da suka shigo kallo.

"Yi nishi mana, Gimbiya! Haba, kin sa na makara!" in ji Malama.

Yarinya ta sandare, ta ƙanƙame hannayen kujera, ta ƙara tsala ihu.

"Sauke min ƙawata!"

Inna ce ta fito daga ɗakin baƙi, mahaifiyar Kafinta, wadda ta zo musu kwana goma. Ta sunkuci jikarta ta rungume, ta zaro biskit daga ƙullin zaninta ta ba ta.

"Ke kam ban san me kike koya wa 'ya'yan mutane ba, taki ɗaya tilo ta gagare ki. Dubi cikin yarinya kamar ganga! Bakwai na raina, ban taɓa ganin haka ba. Ranar Asabar zan koma gida, kuma da ita zan tafi. In ta yi wayo kwa zo ku ɗauka."

Daidai nan Kafinta ya shigo ɗaukar tef ɗin awonsa da ya manta, garin katako duk a gashinsa. Malama ta kafe shi da ido tana jiran ya yi magana. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya.

"To, Inna," ya ce.

Wannan "to" ɗin ya fi duk faɗan Inna yi mata ciwo. Ranar dai jikinta kawai ya je makaranta.

Da la'asar Kafinta ya same ta a ɗaki tana ninke kayan Gimbiya, hawaye na ɗiga a kan 'yan rigunan. Ya zauna a gefenta ya kama gefen mayafinta, ta fizge.

"Haba Malamata, sori mana."

"Riƙe sorinka. Ga kaya nan ina haɗa mata, tunda ka ce to."

"Uwata ce fa. So kike in ɗaga mata murya?"

"Ni ban ce ka ɗaga murya ba! Cewa na yi ka buɗe baki. Wata tara na ɗauke ta, Abban Gimbiya. In ta yi nishin nan a cikina nake jin zafin. Yanzu a ce ban iya ba, kai kuma kana tsaye kana ƙirga tayil?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Yana son matar nan son da shi kansa yake ba shi tsoro, amma a gaban Inna sai harshensa ya yi nauyi. Kafin ya samo abin cewa suka jiyo ihun Gimbiya, suka fita da gudu.

Inna ce zaune a tabarma, ta kifa yarinya a cinya, tana fiƙe guntun sabulu da wuƙa.

"Yanzu zan tura mata wannan, ku gani in bai fito ba."

Malama ta zube a gwiwoyinta. "Inna, don girman Allah ki yi haƙuri. A fara kai ta asibiti."

"Ji min yarinya! Ni za ki koya wa raino?"

Sai ga Kafinta ya durƙusa kusa da matarsa, kafaɗa da kafaɗa. Cikin ladabi ya miƙa hannu biyu ya karɓi sabulun.

"Inna, ki gafarce ni. Asibiti za mu, kuma ina roƙon ki zo mu je tare. Duk abin da aka faɗa ki ji da kunnenki."

Inna ta yi masa kallon mamaki, ta ja tsaki, amma ta ɗauko mayafinta.

Nas ɗin da suka samu wata dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta kwantar da Gimbiya ta lallatsa cikinta a hankali, ta tambaya ko tana amai, ko zazzaɓi, ko an ga jini. Aka ce babu. Ta ce alhamdu lillahi, da akwai ɗaya daga ciki da ba za ta bar su su koma gida yau ba. Sannan ta gyara zama.

"Madara kofi nawa take sha a yini?"

"Biyu," in ji Malama.

Inna ta yi gyaran murya. "To... nakan ƙara mata uku in uwar ta tafi aiki. Da ɗan biskit. Ai tausayi take ba ni."

"Ruwa fa? Gwanda, lemo, kankana, wake, ganye?"

Malama da Inna suka kalli juna. Nas ta juyo kan Malama.

"In ta ƙi yi, me kike mata?"

Malama ta sunkuyar da kai. "Nakan yi mata tsawa, Sista. Da safe sauri nake yi."

"A kan me take zama?"

Nan fa Kafinta ya washe baki, ya zaro waya ya nuna hoton Gimbiya zaune a kan kujera, yana jiran yabo. Nas ta sauke tabarau ta ƙura wa hoton ido.

"Malam, ina ƙafafunta?"

"Ga su nan, suna lilo."

"To kai hau kan tebur ɗin nan, ka saki ƙafafu a iska, ka yi nishi mu gani!"

Inna ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Nas ta yi musu bayani dalla-dalla. Yaro in ya yi mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, sai tsoro ya kama shi ya riƙa riƙewa, yana riƙewa yana ƙara bushewa. Ɗagen ƙafa da matse cinyar nan da suke gani duk ƙoƙarin hana shi fita ne. Ta ce a rage madara zuwa kofi biyu, a yawaita ruwa da 'ya'yan itace, a zaunar da ita minti biyar bayan cin abinci, tafin ƙafarta a dafe, ba faɗa ba tilas. Ta kai su wurin likita ya rubuta sirof mai tausasa bayan gida, aka ce a ci gaba da ba ta ko ta fara yi, sai an dawo an duba ta.

Da Inna ta kawo zancen sabulu, nas ta ce, "Sabulu kuwa, Hajiya, yana ƙona wurin, ya ƙara mata tsoro. Kada a sake."

Suna isa gida Kafinta ya ɗauko tef ya auna daga gwiwar Gimbiya zuwa diddige, ya kwantar da kujerar ya sa zarto. Kowace ƙafa ya datse yana cije leɓe kamar tasa ake yankewa.

"Sannu, injiniya," in ji Malama, tana danne dariya.

"Yi da ni, Malamata. Ni na jawo."

Washegari bayan karin kumallo aka ji wata 'yar murya daga bayi: "Mama! Na yi!" Kafinta ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Sai dai da Asabar ta zo Inna ba ta ce uffan ba game da yarinya, cewa kawai ta yi ta ɗage tafiya, sai ta ga ƙarshen abin. Malama ta ci gaba da kwana da fargaba.

Sati uku aka yi. Wata rana a dace, wata rana Gimbiya ta koma bayan labule. Malama ta riƙa tashi da wuri don kada sauri ya sa ta tsawa. Sai ta zauna a ƙasa gaban kujera, ta riƙe 'yan hannayen, tana mata waƙa, tana sa ta hura iska kamar mai kashe kyandir. In ba a yi ba ta sumbace ta ta ce, "Ba komai, anjima ma rana ce." Inna na daga bakin ƙofa tana yanka gwanda, tana kallo.

Ranar tafiya Malama ta haɗa jakar Gimbiya da hannunta, ta kawo ta ajiye kusa da ta Inna, idanunta sun kumbura. Gimbiya ta ruga ta riƙe zanin kakarta. "Inna, zan bi ki!"

Inna ta daɗe tana duban jakar. Sannan ta sa ƙafa ta tura ta gefe.

"Mayar da wannan ɗaki. 'Yata, zo nan." Karo na farko ke nan da ta kira ta haka. "Na ce ba ki iya ba, alhali ni nake ɗura mata abin da ke cutar ta. Ban taɓa jin kin buɗe baki kin faɗa min ba. Ni da na raini bakwai ban yi wa ko ɗaya haƙurin da kika yi wa wannan ba. Ki yafe min."

Malama ta faɗa jikinta tana kuka. Kafinta ya juya baya wai yana gyara igiyar jaka, yana share ido da hannun riga. Inna ta ɓamɓare yatsun Gimbiya daga zaninta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora su a tafin uwarta.

"Zauna wurin uwarki, ƙawata. Gidana ba wanda zai zauna miki a ƙasa yana waƙa."

Haka ciwon yaro yake, sau da yawa kowa a gida yana da hannu a ciki, kuma kowa da ƙauna ya yi. Neman mai laifi ba ya warkar da shi, sai an haɗa kai an tambayi masu sani. Miji ya koyi kare matarsa ba tare da ya saɓa wa mahaifiyarsa ba, Malama kuwa haƙurinta ne ya bar mata 'yarta a ɗakinta.