Numfashi a Bayan Ƙofa

A wani tsohon gidan sinima mai kujera arba'in a garin Maebashi ne Rintaro ya fara ganin Chinatsu. Fim ɗinsa ake haskawa. Mutum shida suka shigo, biyar suka yi barci.

"Malam darakta, fim ɗinka ba laifi," in ji ta shidan, "amma sautin kamar a rijiya ka ɗauka."

Ɗaukar sauti ce sana'arta. Shekara biyu suka yi suna aiki tare, suna cin shinkafar kanti a tsaye, duk suka rame. Yana kiranta Kunnena, tana kiransa Sarkin Gardama.

Sabon fim ɗinsa a kan matashin da ya kulle kansa a ɗaki ne. Chinatsu kuwa tana da wa, Norifumi, shekara bakwai bai fito daga ɗakinsa ba. Ni maƙwabcinsu ne, kuma ban taɓa ɗaga maganar ba. Ta naɗo wa Rintaro sautin gidansu don ya fahimta kawai: takun uwa, ajiye tiren abinci, numfashin mutum a bayan ƙofa. Shi kuwa ya saka minti uku na sautin a fim. Sata ce wannan, ko da sunan fasaha aka yi ta.

Mahaifinta, Kuramochi, ya je kallon gwajin fim ɗin. Ya gane takun matarsa.

Da Rintaro ya zo neman aure, ya ajiye kwalin alewa, ya kifa goshi a tabarma, tsohon ko kallon kwalin bai yi ba.

"'Yata kake so, ko ciwon gidana?"

Washegari Chinatsu ta turo saƙo: "Na gaji, Rintaro. Don ka gane na ba ka, ba don ka haska ba."

"Kunnena, minti ukun nan su ne fim ɗin."

"To ka aure su."

Wata guda bai ji muryarta ba. Daga baya ya yanke wurin, masu bikin finafinan da suka karɓi aikin suka fasa. Ya koma gidan, ya roƙi a kai shi ƙofar Norifumi. Ya durƙusa, ya tura katin da aka naɗi sautin a kai ta ƙarƙashi.

"Yaya, numfashinka na ɗauka ban tambaye ka ba. Ga shi, babu wani kwafi."

Ƙafafunsa sun mutu kafin wata takarda ta fito ta ƙarƙashin ƙofar. Kuramochi ya ɗauka, ya karanta a fili: "Na karɓa. Ka kula da ita, ba ta iya dafa komai ba."

"Maƙaryaci!" in ji Chinatsu, tana kuka tana dukan ƙofar.

Tsohon ya juya ga matarsa. "Buɗe alewar nan, a kawo shayi."

Aka ɗaura aure da bazara, mu goma sha ɗaya. Norifumi bai zo ba, ba kuma zan yi muku ƙaryar ya warke ba. Fim ɗin har yau babu wanda ya saya. Amma na sa musu albarka da zuciya ɗaya, domin yaron ya mayar da abin da ba nasa ba kafin ya karɓi matarsa.