Jaririn Da Aka Miƙo Ta Waya

Bargunan da ake shanyawa a kan wayar da ta raba sansanin biyu ba iri ɗaya ba ne: na dama masu laushi, na hagu kamar buhu. Matar Tela ta sha tsayawa tana kallonsu tana mamaki. Yaƙi ne ya koro kowa, amma kullum rediyon mai gadi na kiran na dama da suka iso a jirgin ƙasa "baƙinmu", su kuwa na hagu da suka tako da ƙafa "ambaliya".

"Baba, wai me ya mai da mu ruwa?" ta tambayi mai gadi.

"'Yata, ni ma a rediyo na ji."

Allah sarki! Mijinta ya rasu a hanya, jaririyarta ta bi shi, ga nono na zuba yana jiƙa mata riga. A ɓangaren dama kuwa akwai wata mai jego da zazzaɓi ya ƙafar wa da nono, ɗanta ya ƙi madarar gwangwani. Wata rana ta leƙo ta inda wayar ta yage tana hawaye. "Yaya, don Allah..." Matar Tela ta miƙa hannu ta karɓi ɗan. Tun daga ranar take shayar da shi.

Ashe wani ɗan jarida ya ɗauki hoton miƙowar! Washegari jarida ta fito: "Ambaliya ta fara sace 'ya'yan baƙinmu." Innalillahi! Aka toshe wayar, aka kulle Matar Tela a ɗakin ajiya, aka ce za a mai da ita inda ta fito. Mutanenta ma suka juya mata baya: "Kin ja mana!" Mai jego kuwa tana asibiti, ba ta san inda kanta yake ba.

"Ya Allah, ni dai a ba shi ya sha..." iyakar addu'ar Matar Tela ke nan.

Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ranar da mota ta zo ɗaukar Matar Tela, 'yan jarida sun taru, sai ga mai jego tana tangaɗi, ɗan a hannunta.

"Ni na miƙa mata shi! Ku rubuta wannan!"

Yaron na jin ƙamshin Matar Tela ya zabura yana cusa kai a ƙirjinta. Ta rufa shi da mayafi. Kukan ya ɗauke ɗif, har ana jin haɗiyarsa. Mata suka fashe da kuka.

"Baba," Matar Tela ta ce a hankali, "yanzu shi da ya sha nonona, baƙo ne ko ambaliya?"

Mai gadi ya kashe rediyonsa. Shugabar sansani ta sallami motar, ta sa a kwance wayar. Editan jaridar kuwa, da shi ma ya zo wurin, ya miƙa wa ɗan jaridar hannu: "Kawo kyamarar."

Ɗan jaridar ya cire ta daga wuyansa ya ba shi. Ya dubi yaron da ke tsotso, ya bi gefen barguna ya fice.