Alamar Zomo a Bayan Kwalba

"Mbak, in ba saya za ki yi ba ki ajiye mana, kin kusa cusa hancinki cikin gwangwanin!"

Haka mai tsaron kantin kwalliyar ta watsa min magana a gaban mutane (Mbak muke kiran mace a garinmu, namiji kuma Mas). Ni kuwa ba shinshina hodar nake ba, karatu nake. Zabiya ce ni, idona ba ya ganin ƙananan rubutu sai na manna abu a fuska, su kuma masu yin hoda kamar da gayya suke ƙanƙanta rubutun. Na buɗe baki zan rama, don ni ba a taɓa ni in yi shiru, sai na ji murya a gefena.

"Kawo in karanta miki, Mbak. Me kike nema?"

"Zomo."

"Zomo? A cikin hoda?"

"Alamar zomo, Mas! Wadda ke nuna ba a gwada ta a jikin dabba ba."

Bai yi dariya ba. Ya karɓi gwangwanin ya juya bayansa, ya fara karanto min sunayen sinadarai yana tuntuɓe a kansu kamar ɗan aji ɗaya. Gwangwani goma sha biyu ya karanta ranar. A na ƙarshe ya ɗaga murya har mai kantin ta zabura.

"Ga zomonki! Garin dutse zalla, ba turare, ba komai!"

Sunansa Danang, ma'aikaci a wani asibitin dabbobi a nan garinmu Solo. Ya ja ni bakin ƙofa inda haske yake, muka shiga gwada kala a gefen muƙamuƙina.

"Wannan fa?"

"Kin koma kazar da aka shafa wa kurkum."

"Wannan?"

"Innalillahi... wannan ko fatalwa sai ta gudu!"

Na kai masa duka da jakata. Da muka zo kan ta uku sai ya ce, "Wannan ba na ganinta. Ke kaɗai nake gani." Ranar na koma gida da hoda a jaka, zuciyata kuwa na baro ta a bakin kanti.

Daga baya na gaya masa dalilin zomon. Ina shekara goma sha huɗu malaminmu ya nuna mana hoton fararen zomaye an jera su cikin akwatuna, kawunansu a waje, ana ɗiga musu kayan kwalliya. Ya ce farare ake zaɓa saboda ja ya fi nunawa a jikinsu. Ajin gaba ɗaya ya juyo ya kalle ni, aka kwashe da dariya. Tun ranar na rantse abin da aka gwada a kan dabba ba zai hau fuskata ba. Ga shi fatar tawa ma ba ta da haƙuri, turare kaɗan ya taɓa ta sai ƙuraje.

Shekara biyu Mas Danang yana karanta min. Magani, sabulu, man kare rana, har rubutun jikin motar haya in ta taho daga nesa. Wata rana mun je shaƙatawa garin Tawangmangu muka ga farar zomanya mai jan ido a kejin mai tsire, bai bar wurin ba sai da ya fanso ta. Muka sa mata Kapas, wato auduga.

"Ga ƙanwarki nan, farin watana," in ji shi.

Kai, na so mutumin nan! Na so shi so irin wanda ba ya barin mutum ya yi tambaya.

Ranar da aka kawo lefe, Bapak, mahaifina, sai da ya ɓuya bayan tukunyar soto, romon da yake sayarwa, ya share hawaye. Tun rasuwar mahaifiyata shi kaɗai ya rene ni, kuma na san abin da bai taɓa faɗa ba: tsoron kada in tsufa a ɗakinsa babu wanda ya ce yana so.

Matsalar ita ce Bu Sumirah, mahaifiyar Danang. Shekara talatin tana yi wa amare kwalliya, ba ta taɓa fuskar amarya sai ta yi azumi. A wajenmu kuwa yabon amarya ɗaya ne: a ce ta canja har uban da ya haife ta bai gane ta ba. Amaryar da aka gane daga nesa, an kunyata mai kwalliyarta. Bu Sumirah ba ta taɓa zagina ba. Da ma zagin ta yi, na san yadda zan yi da shi. Tausayina take ji.

"Nduk, ki bar min fuskar nan," ta ce (Nduk, wato 'yata), tana riƙe da haɓata kamar mai duba tumatir a kasuwa. "Zan rufe ta tsaf. Babu baƙon da zai san..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Ibu," na ce, wato Mama, "ni hodata kaɗai nake shafawa."

"Wannan ƙurar? Ai ba ta rufe komai!"

"Ba don rufi na saye ta ba."

"Mutum ɗari biyar za su zo, Nduk. Ɗa ɗaya gare ni. Amaren mutane na gyara su shekara talatin, tawa kuma in fitar da ita haka?"

Danang ya shiga tsakani, ya kira sunana da nata. "Ibu, Kinanti, ku yi haƙuri. Zan nemo mai kauri wanda yake da zomon. Kowa ya samu abin da yake so."

Saura kwana goma biki aka kira ni gwaji. Da hantsi ne, ɗakin cike da gwaggwanninsa. Danang ya zaro wata kwalba ya ɗaga ta saitin idonsa.

"Garin dutse... babu turare... ga zomo nan a ƙasa."

Na lura da sauri ya karanta, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, bai kuma tsokane ni ba. Na ce a raina kunyar gwaggwanni ce. Wawiya!

Bu Sumirah ta matsa man a cokali, ta ɗumama shi a kan kyandir, ta fara shafa min layi bayan layi. Ba a jima ba na ji kumatuna na zafi.

"Ibu, yana ɗan yi min raɗaɗi."

"Haka yake in yana kamawa. Daure, Nduk."

Na daure. Ta baƙanta min gira, ta manna min gashin ido, ta zana baƙin zanen amare a goshina. Da aka kawo madubi na matsa har numfashina ya dusashe shi. Wata mata ce a ciki, mai kyau, kalar alkama, ban taɓa ganinta ba. Gwaggwanni suka ɗauki salati.

"Wallahi ba a gane ta!"

"Sumirah, hannunki sai Allah!"

Ni Danang nake nema. Ya matso kusa, kusa yadda zan iya ganin fuskarsa, sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. Murmushin da ya yi wa matar madubin ban taɓa samun irinsa ba.

Bu Sumirah, don murna, ta jefa kwalbar a jakata ta ce in riƙa shafa kaɗan a wuya fatar ta saba.

Kafin la'asar fuskata ta kumbura. Na wanke, na sake wankewa, ta yi jawur, idanuna suka koma ƙanana. Bapak ya shigo ya gan ni, ludayin hannunsa ya faɗi.

"Bapak, ɗauko tabaraunka. Karanta min wannan."

Ya zauna bakin ƙofa yana bin rubutun da yatsa. Shi ba gwanin karatu ba ne, harafi harafi yake haɗawa. Ya zo kan kalmar turare, ya karanta, ashe akwai shi a ciki. Ya juya kwalbar, ya sake juyawa, ya leƙa gindinta, har murfin ya buɗe ya duba ciki.

"Nduk... Ni ban ga zomo ba. Ko idona ne?"

Ba idonsa ba ne, mu duka mun sani.

Washegari da sassafe Danang ya zo, don na ƙi ɗaukar wayarsa. Ya same ni a bayan gida ina ba Kapas ganyen kangkung mai kama da alayyafo. Da na juyo ya ja da baya ya dafe baki.

"Ya Allah... Kinanti!"

"Kalle ni da kyau, Mas. Farare ake zaɓa, ka tuna? Ja ya fi nunawa."

"Ban san zai yi miki haka ba! Wallahi ban sani ba!"

"Amma ka san babu zomo."

Ya durƙusa a ƙasa. "Na nema, na zagaye garin nan kaf, mai kaurin da Ibu take so babu mai alamar. Ta ce in ba nata ba ne ba za ta zauna a wajen bikin ana nuna ta da baki ba. Da kwalliyar nan ta ciyar da ni tun mutuwar mahaifina, Kinanti! Na ce rana ɗaya ce... rana ɗaya tak, ki shafa, a watse, mu koma yadda muke."

"Da ka roƙe ni."

"Da kin ƙi."

"Wataƙila! Wataƙila kuma da na yi kuka na yarda, don ina sonka har haka. Amma da ni ce na yarda! Kai ne idona, Mas. Shekara biyu ban sa komai a jikina ba sai abin da bakinka ya ce. Gobe in ka ɗaga kwalbar magani ka karanta min, ya zan yi?"

"Farin watana, ki yafe min... ƙurajen za su warke."

"Za su warke. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma wannan karon ka karanta min daidai. Da ka ga waccan matar a madubi, ka ji daɗi?"

"Na ji daɗi Ibu ta yi murna."

"Ba Ibu na tambaya ba."

Ya sunkuyar da kansa. Hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Da ya yi ƙarya, wallahi ina jin da na karɓa, don a lokacin neman abin riƙewa nake.

"Eh," ya ce. "Na ji sauƙi. Na ce yau ɗaya babu wanda zai kalle mu."

Na ɗauki Kapas na rungume, na shige ɗaki. Ina jin sa yana kiran sunana har muryarsa ta dishe.

Da na yanke shawarar fasa auren, na fi tsoron Bapak a kan kowa. Na zata zai ce in yi haƙuri, an raba katin gayyata, wa zai sake zuwa? Sai kawai ya tashi. Ya sa rigarsa ta batik mai zane-zane ta zuwa biki, ya jera farantan lefen a cikin keken haya ɗaya bayan ɗaya don ya mayar musu. Da ya zo fita ya tsaya ya dafa kaina.

"Shekara ashirin da shida ina kallon fuskar nan, Nduk. Ban ga dalilin da zai sa in kasa gane ta ranar aurenki ba."

Nan na fashe da kukan da nake riƙewa.

Fuskar ta warke a sati uku. Danang ya yi ta aiko saƙo, wayata na ƙara min girman rubutun, ina karantawa ina kuka, ban amsa ko ɗaya ba. Ba zan yi ƙarya ba, har yau ina sonsa. In na ji ƙarar babur irin nasa a layinmu sai gabana ya faɗi.

Bayan wata huɗu hodata ta ƙare. Na koma kantin ni kaɗai. Mai tsaron nan ce dai, ta leƙa bayana tana neman wanda ya saba biyo ni, ba ta gan shi ba, sai ta sassauta murya.

"Mbak... in karanta miki?"

"Bar shi. Na gode."

Na zaro gilashin ƙara girman rubutu da Bapak ya sayo min, na kai gwangwanin bakin ƙofa wajen haske. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina tuntuɓe a daidai wuraren da Danang yake tuntuɓe. Can ƙasa na hango shi, ɗan mitsitsi, kunnuwansa a miƙe.

"Ga zomonki," na ce a hankali.

Sai ya dusashe. Na goge gilashin da gefen mayafina na sake dubawa, bai washe ba. Na sake gogewa, har sau uku, kafin na gane ba gilashin ba ne, hawayena ne.