Zafin Da Ba Su Auna Ba

"Wa ya rubuta wannan lambar?"

Dakta ce, malamar ajin, ta buga littafin a kan teburin gwaji, har kwalabe suka yi ƙara.

'Yar Gilashi ta ɗago. Idanunta sun kaɗa sun yi jajur a bayan gilashin nan nata mai kauri. Ta kalli Dogo, abokin aikinta, wanda duk ajin suka san shi ne rabin ranta.

Dogo yana kallon takalminsa.

Ni kuwa ina bakin famfo, kwalba ɗaya nake ta wankewa tun ɗazu, ta fita tas har sau uku. Shekarata ashirin da biyu ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin ɗalibai, Inna Mai Kwalba suke ce mini. Aji huɗu na yi a firamare, amma in dai ji da gani ne, ko Dakta sai ta sara mini.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, 'yan mata.

Aikin da ake ba su, in an cire dogayen kalmomi, ba wani abu ba ne. Kofi ne fari marar nauyi, a saka shi cikin ɗan'uwansa, a rufe da murfi mai huji biyu. A zuba asid, a zuba ruwan soda, sai ruwan ya ɗau zafi da kansa, ba wuta ba murhu. Mutum biyu ake haɗawa. Ɗaya na juyawa yana kallon agogo, ɗaya ya kafe ido a kan ma'aunin zafi, duk rabin minti ya rubuta lamba. Abin da ake farauta shi ne inda zafin ya ƙure kafin ya fara sauka. Da shi suke lissafin abin da suke kira entalfi. Kana kau da kai, ya wuce ka.

Shekara guda Dogo na riƙe agogo, 'Yar Gilashi na riƙe ma'auni.

"Rabin minti, Idona."

"Ashirin da biyar da ɗigo biyu, Dogona."

Haka kullum. Ni har na haddace. Soyayya ce ake yi da lamba, Allah na tuba, tunda nake ban taɓa ganin irinta ba!

Ranar jarrabawar ƙarshe aka auna wa kowa ruwansa daidai, babu ƙari. Suka zuba, suka rufe. Zafi ya fara hawa.

"Rabin minti... Idona, in na samu tallafin karatun nan, ba ni kaɗai zan tafi ba. Zan turo gidanku."

Ta ɗago kai daga ma'aunin.

Kai! Da kun ga kallon nan. Shi ya manta da agogo, ita ta manta da duniya. Murmushi take, hawaye na gangarowa ƙarƙashin gilashi. Ni ma sai da na share ido da gefen mayafina.

Kafin su dawo hayyacinsu, zafin ya kai inda zai kai, har ya kama hanyar sauka.

Gurbi uku a littafinta babu komai.

"Na shiga uku... Dogo, mu faɗa wa Dakta."

"Ta ba mu sifili? Tallafin ya tafi kenan, Idona. Da shi da komai."

Ya zare biron daga hannunta. Ya san amsar da ke cikin babban littafinsu, sai ya yi lissafin da baya, ya cike gurbi ukun yana kwaikwayon hannunta. Ita kuwa tana kallo.

To, ga inda nawa laifin ya shigo.

Akwai wata 'yar ajinsu, Mai Turare, wadda tun shekarar fari take yi wa Dogo shawagi shi ko a jikinsa. Kwana biyu bayan nan ta zo ta zauna kusa da famfona.

"Inna, yau babu labari?"

Bakin nan nawa! Daɗin zancen ne ya kwashe ni. Na ce, "Ke, an kusa biki. Minti biyu cur suka yi suna kallon juna ranar jarrabawa, kamar a haɗiye juna."

Ta dube ni. Sannan ta yi wani murmushi da har yau ina ganinsa.

"Minti biyu, Inna? To wa ke kallon ma'aunin?"

Tana tashi, ofishin Dakta ta nufa.

Shi ne ya kawo mu ranar da Dakta ke buga littafi.

"Kofin nan yoyon zafi yake," in ji Dakta. "Kowane ɗalibi ƙasa da amsar littafi yake samu, tun kafin a haife ku. Ku kaɗai kuka samu daidai cif! Na ba ku zuwa gobe. Wanda ya rubuta zai maimaita shekara, sunansa kuma ya fita daga jerin masu tallafi."

Washegari da safe ina shara a baranda sai ga mahaifiyar Dogo ta tare 'Yar Gilashi. Matar da ko gaisuwar yarinyar nan ba ta amsawa da kyau, wai mai gilashi za ta haifa mata jikoki masu gilashi. Yau ita ce ta kama hannuwanta biyu.

"'Yata, shi kaɗai gare ni. Ke littafinki ne, bironki ne. In kina son sa, ki rufa mana asiri."

"Mama, shi ya turo ki?"

Matar ta sunkuyar da kai.

Wallahi na ji ƙarar abin da ya fashe a ƙirjin yarinyar nan, ni da na san ƙarar fashewar kwalba.

A gaban Dakta 'Yar Gilashi ta tsaya ƙyam.

"Ni na rubuta."

Dakta ta juya wajen Dogo. "Haka ne?"

Ni dai na zuba wa Dogo ido. Kalma ɗaya, ɗan nan. Ɗaya tak!

Sai ya ce, "Ni... agogo nake kallo."

Na buɗe baki zan yi magana, 'Yar Gilashi ta juyo ta girgiza mini kai. Karo na farko a rayuwata da na haɗiye zance, kuma shi ne wanda ya kamata in faɗa.

A gida mahaifinta ya ce karatu ya tura ta, ba kallon samari ba, kuma kada ya ƙara jin sunan yaron nan a bakinta. Dogo ya samu tallafin, ya tafi karatunsa. Wata biyun farko yana kira, daga baya sai saƙo, daga baya sai shiru. Mai Turare ma ba ta same shi ba, ko lambarsa ta can bai ba ta ba. Wannan kam ya ɗan yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da na je na durƙusa na faɗa wa 'Yar Gilashi cewa daga bakina abin ya fita, cewa ta yi, "Tashi, Inna. Ke magana kika yi. Shi shiru ya yi."

Ta maimaita shekara cikin ƙannenta na makaranta. Ba a samu wanda za a haɗa ta da shi ba, sai ta koyi yi ita kaɗai: hannun hagu na juyawa, agogo a jingine da kwalba, ido a kan ma'auni.

Rannan da hantsi tana gwaji, ta zuba ta rufe kenan, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Dogo! Ya zo hutu, ya yi ƙiba, har da ɗan gemu.

"Idona..."

Hannunta ya tsaya cak. Sannan ya ci gaba da juyawa.

"Ki yafe mini. Tsoro ne ya kama ni. Kullum da abin nake kwana. Ki ɗago ki kalle ni, ko sau ɗaya."

"Ashirin da takwas da ɗigo ɗaya," ta ce, ta rubuta.

"Zan je wajen Dakta yanzu, in faɗa mata komai!"

"Ashirin da tara da ɗigo huɗu."

"Idona, don Allah..."

Hawaye ya ɗiga a kan gilashinta. Ba ta cire ba, ba ta goge ba, ta leƙa ta gefensa.

"Talatin cif."

Rabin minti ya wuce.

"Ashirin da tara da ɗigo tara. Ya fara sauka."

Sai a lokacin ta ɗago.

"Ofishin Dakta na nan inda ka bar shi. In ka je, don kanka ka je. Ni na riga na biya shekarar."

Ya daɗe a tsaye. Da ya fita na leƙa ta taga, kun san ni. Ofishin Dakta na hannun dama. Hagu ya yi, wajen ƙofar fita.

Ta gama lissafinta, ta kawo mini kofin bakin famfo.

"Inna, ya yi ƙasa da na littafi."

"Sosai?"

"Sosai. Amma ni na gani da idona."

Sai ta kifa kanta a kafaɗata ta fashe da kuka. Na buɗe famfo har ƙarshe, don kada 'yan ajin su ji.